Lasisin Layashi

Duk wanda ya san ƙauyen Busakkur, can saman duwatsun Katama, ya san Layashi. Dogo ne siriri, mai ɗan doro saboda hawan tsauni da kaya, ba ya rabo da jallabiyar ulu mai ruwan ƙasa ko da rani. Yana ɗan shekara tara ubansa ya damƙa masa fartanya, kuma abin da ya fara nomawa shi ne kif, tabar nan da ake kira wiwi a wasu wurare. Ita ubansa ya noma, ita kakansa ya noma. Ƙasar tasu ba ka haƙa kamu ɗaya ba tare da ka tarar da dutse ba. Alkama ba ta yi, sha'ir sai da lallashi, amma kif ko a tsagar dutse ka jefa irinta sai ta miƙe. Layashi bai taɓa jin kunyar sana'arsa ba, bai kuma taɓa sa tabar a bakinsa ba. In aka tsokane shi a kan haka sai ya ce shi bai ga dalilin da zai ƙona abincin iyalinsa a kan leɓensa ba.

Shekararsu iri ɗaya ce kullum. In ƙanƙara ta narke a watsa iri, ƙarshen rani a yanke, a shanya a kan rufin kwano, a jibge a ɗaki. Da sanyi ya shigo sai a ɗaure ƙyalle mai laushi a bakin babbar roba, a zuba busasshen ganye, a rufe da leda, a yi ta duka da sanduna biyu har garin nan mai ruwan zuma ya tankaɗe ya taru a ƙasa. A irin wannan lokaci in ka tsaya a bakin masallaci sai ka rantse biki ake yi a kowane gida, don ƙauyen gaba ɗaya kiɗa yake. Hannun Layashi ya yi suna a wannan aiki. Ya san inda zai tsaya da duka kafin dusa ta bi gari, shi ya sa Buzid, mai sayen kayan da ke hawowa daga Tanja, ko buɗe ƙullinsa ba ya yi. Ya ɗora a sikeli, ya sha shayi, ya kama hanya.

Matarsa Mannana 'yar ƙauyen ce ita ma. Ta gaji wani ɗan fili daga mahaifinta a gefen rafi, kuma tun ranar da ta tare ta kafa masa sharaɗi: gonar ubansa ya shuka abin da ya ga dama, tata kuwa sha'ir ne da wake da albasa. Daga nan gurasar gidan take fitowa, daga nan miyar wake ta karin kumallo. 'Ya ɗaya Allah ya raya musu, Zuhur.

Yana da shekara talatin da takwas abin ya same shi. Rani ya tsananta, suka yi cacar baki da maƙwabcinsa na gona, Mufaddal, a kan wanda ke da layin ban ruwa ranar Laraba. Layashi ya ture shi, Mufaddal ya faɗa cikin taɓon magudana a gaban mutane, aka yi masa dariya. Bayan wata biyu wata wasiƙa marar sa hannu ta isa hannun jandarma, 'yan sandan karkara, ɗauke da sunan Layashi da na ubansa da kwatancen gonarsa. Duk ƙauyen kif suke nomawa, kowa ya sani, amma wanda aka rubuta sunansa shi ne mai laifi.

Muƙaddam, wato idon hukuma a ƙauyen, shi ya kawo masa labari. Ya ƙi zama, ya ƙi shayi.

"Si Layashi, sunanka ya shiga takarda. Akwai sammaci a kanka."

"Ni kaɗai? Me na shuka wanda sauran ba su shuka ba?"

"Ba a tambaye ni wannan ba. Shawarata dai, kada ka taka kwalta. Nan sama ba wanda zai sha wahalar hawowa kullum saboda kai. Amma duk shingen da ka miƙa katinka, daga nan sai gidan yari."

"Har yaushe ke nan?"

Muƙaddam ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Akwai wanda shekara goma sha ɗaya ke nan yana yi mini wannan tambayar."

Shekara ashirin Layashi bai taka kwalta ba. Duniyarsa ta koma gida, gona, masallaci, da shagon shayin da ke ƙarƙashin itacen ɓaure. Katinsa na ɗan ƙasa ya mutu a aljihu, ba halin sabuntawa. Mannana ce ta ɗauki duk abin da ya shafi gari. Ita ke zuwa kasuwar Talata, ita ke sayen taki, ita ta bi layi har aka ja musu wutar lantarki da sunanta. Da haƙorinsa ya ruɓe, maƙerin ƙauye ne ya cire masa da awartaki, ƙarti biyu suna danne da shi. Sau uku ko huɗu jandarma suka hawo, kowane karo sai ya shige daji ya wuni cikin itatuwa kamar ɓarawon akuya.

Wanda ya fi ci masa rai shi ne auren Zuhur. Wani direban tasi ɗan Titwan ne ya aure ta, kuma ko takardar auren ƙanin Mannana ne ya sa hannu a madadinsa. Ranar kai amarya ya raka motocin a ƙafa har kwana ta ƙarshe kafin a hau kwalta. Zuhur ta leƙo ta taga, kwalli ya ɓata mata fuska.

"Baba, ka shigo mana, yau ɗaya dai. Wa zai tare motar amarya?"

"Ita suka fi tarewa ma, don sun san ba za a hana su na shayi ba. Ku je. Allah ya ba da zaman lafiya."

Ya tsaya a wurin har ya daina jin hon. Jikokinsa biyu a Titwan aka haife su, sai da suka fara tafiya aka kawo masa su ya gani.

A cikin waɗannan shekaru noman kansa ya sauya. Masu ƙarfi suka shigo da irin Turai mai kauri, mai shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, suka haƙa rijiyoyin burtsatse, suka ja mesa daga rafi. Idon ruwan ƙauyen ya tsuke har mata suka koma bin layi da jarkoki. Kaya ya yi yawa a kasuwa, farashi ya karye. Layashi ya tsaya a kan irin kakansa, baladiyya, wadda ruwan sama ke isar ta. Abin da yake samu yana kai su wata shekara, ba ƙari.

Sai ga labari a rediyo cewa gwamnati ta halatta noman kif don magani da masana'antu. Ranar shagon shayi ya cika har waje. Wani ya ce, "Wato yanzu jandarma ne za su riƙa taya mu cire ciyawa?" Wani ya ce, "A'a, su za su riƙa duka, mu mu tare hanya muna karɓar na shayi." Aka bushe da dariya. Layashi bai yi ba. Abu ɗaya ya ji a duk bayanin: abin da ake nemansa a kai ya daina zama laifi.

Ashe da saura. Da jami'ai suka zo harabar makaranta suka yi bayani, sai aka ji sharuɗɗa. Sai kana da katin ɗan ƙasa mai rai. Sai da takardar gona. Sai ka shiga ƙungiyar manoma, ƙungiyar ta ƙulla yarjejeniya da kamfani, kamfanin ya kwashe amfanin ɗungurungum da ganyensa da furensa. Ba duka, ba tankaɗe, ba Buzid. Wanda ke da sammaci a kansa kuwa, sammacinsa na nan. Layashi daga bayan katanga ya saurara, don akwai jandarma biyu a bakin ƙofa. Da aka zo zaɓen shugaban ƙungiya, aka nemi wanda ya iya karatu kuma sunansa fes yake a takarda. Mufaddal aka zaɓa.

Shekara uku na ƙarshe cikin ashirin ɗin ya yi su yana kallo daga gefe. A ƙarshen wani rani aka sanar da afuwa ga dubban manoman kif. Muƙaddam ɗin nan dai, wanda yanzu ya tsufa yana dogara sanda, ya hawo da kansa, wannan karon ya zauna ya sha shayi har kofi biyu.

"Sunanka na ciki, Si Layashi. Sauka ka ga duniya, ta sake kaya tun bayanka."

Suka sauka birnin Husaima da ke bakin teku shi da Mannana don yin sabon kati. Cikinsa ya manta mota, sau biyu ana tsayawa yana amai a kwanar dutse. Da suka iso shingen farko, wani jandarma ya leƙo, ya dubi fuskoki, ya ɗaga hannu su wuce. Sun yi nisa sannan Mannana ta ce ƙasa-ƙasa, "Baban Zuhur, sakar mini hannu, za ka karya mini yatsu." A wurin ɗaukar hoto mai na'ura ya ce, "Baba, ɗago kai ka kalle ni, ba kama ka za mu yi ba." Da aka nuna masa hoton sai ya tsaya yana kallon wani tsoho mai farin gemu da ramin kumatu. A tsohon katinsa gemunsa baƙi ne wuluk. Duk da haka ranar ta yi masa daɗi. Suka ci soyayyen kifi a bakin teku, ya cire takalmi ya tsoma ƙafa a ruwa, ya ce wa matarsa, "Saura ƙiris mu huta."

Kati ya fito, saura takardar gona. Gonar ubansa ba ta da ko ɗaya, kuma gado ce tsakaninsa da wansa Allal, wanda ya yi shekara talatin a Barsalona. Hukuma ta ce ba za ta ba da shaida ba sai duk magada sun amince. Layashi ya buga masa waya.

"Yaya, sa hannunka kawai ake bukata, ka yarda ni ke noma gonar."

"Ai na ji labari. Yanzu da abin ya zama na gwamnati kuka tuna kuna da ɗan'uwa."

"Wace shekara ce ban aika maka man zaitun da busasshen ɓaure ba?"

"Man zaitun. An ce kamfanonin Turai za su zo su sayi dutsen nan taku bayan taku. In na sa hannu yau, gobe ka ce taka ce kai kaɗai. Bari in zo da kaina a auna."

"Yaushe?"

"In na samu hutu."

Rabon Allal da ƙauyen shekara tara ke nan, kuma Layashi ya san hutun ba zai samu ba.

Fili ɗaya ne a gidan mai takarda, na Mannana, don mahaifinta mutum ne mai tsantseni, ya sa an rubuta masa komai kafin ya rasu. Kwana uku Layashi yana zagaye maganar. Ran na huɗu da safe tana zuba masa miyar wake, ta ajiye ludayi.

"Baban Zuhur, ka faɗi abin da ke bakinka. Ka daina kallon gonata kamar yau ka fara ganinta."

"Ita kaɗai ke da takarda."

"Na sani. In ka shuka kif a cikinta, me za mu ci?"

"Sai mu saya. Mufaddal ya ce kamfani na kwashe kaya gaba ɗaya, ba ciniki, ba jiran Buzid."

"Mufaddal ya ce." Ta maimaita a hankali. "Mutumin da ya zaunar da kai shekara ashirin."

"Ba shi zan bi ba, doka zan bi. Mannana, na gaji da ɓuya. Ina so in yi noma da rana tsaka, in jami'i ya zo in ba shi kujera maimakon in tsallake katanga."

Ta jira ya gama cin gurasarsa. Sannan ta shiga ɗaki, ta fito da wani gwangwanin alewa, ta zaro takardar a naɗe cikin tsumma.

"Shekara ɗaya. In ba ta yi ba ka mayar mini da sha'irina."

Da Layashi ya je rubuta suna a ƙungiya, Mufaddal ya miƙe daga bayan tebur ya ba shi hannu. Rabon da su gaisa tun ranar magudana.

"Abin da ya wuce ya wuce, Si Layashi. Yanzu duk abu ɗaya muke."

"Rubuta sunan daidai," in ji Layashi. "Ai ka iya rubuta shi."

Mufaddal ya sunkuyar da kai ya rubuta. Kafin Layashi ya fita Mufaddal ya karanta masa ƙa'ida: mai lasisi in aka same shi da ko tsiro ɗaya a wajen filin da aka auna, lasisi ya tafi, kotu kuma ta biyo baya. Wato gonar ubansa, wadda ba ta taɓa kwana ba shuka ba tun zamanin kakansa, bana sai dai ta zauna haka.

Buzid ya hawo da sanyi kamar kullum, ya kwashe sauran abin da ke ɗaki. Da ya gama shayi bai tashi nan da nan ba.

"Na ji ka zama ma'aikacin gwamnati."

"Manomi dai, kamar da."

"Gidan da jami'ai ke shiga da littafi da na'urar hoto, ni ba na shigarsa. Kada ka ji haushina, ina da ƙananan 'ya'ya."

Ya rungume shi, ya bar masa kan sukari guda biyu, irin wanda ake kai wa gidan ta'aziyya.

Shukar ta yi kyan da Layashi bai taɓa gani ba. Ƙasar Mannana ta sha takin awaki shekara da shekaru, kif ta samu wuri ta wuce kansa tsawo. Jami'ai suka zo da igiyar awo, ya shimfiɗa musu tabarma, ya yanka kaza. Wata injiniya a cikinsu ta murza fure a yatsa ta shinshina, ta ce, "Baba, duk yawona ban ga baladiyya mai kyan wannan ba." Ya yi mako yana maimaita maganar a shagon shayi har aka fara ce masa Baba Injiniya. Lasisin kuwa ya sa an yi masa gilashi, ya rataye a bango inda duk mai shigowa zai gani.

Ƙarshen rani aka yanke, aka shanya, aka ɗura a buhuna, jami'ai suka buga wa kowane buhu hatimi mai lamba. Aka jibge na kowa a ɗakin ajiyar ƙungiya, wani tsohon ɗaki mai rufin kwano a bayan makaranta. Aka ce motar kamfani za ta zo cikin mako biyu.

Mako biyu suka wuce, wata ya wuce. Mufaddal yana buga waya kullum, ana ce masa rumbunan kamfani cike suke, na bara ma bai gama fita ba, manoma sun yi yawa, masu saye a waje kaɗan ne. Ana cikin haka ruwan sama ya sauko da wuri, kwana shida ba ɗagawa, wani ɓangaren hanya ya zaftare. Da aka ɗan samu rana Layashi ya je ya kara hanci a jikin ƙofar ɗakin ajiya. Ba ya bukatar ya gani. Shekara hamsin yana sanin wannan wari, na ganyen da ya sha danshi ya fara zafi daga ciki. Ya wuce gidan Mufaddal kai tsaye.

"Ba ni mabuɗi in fitar da kayana in shanya. Rufin yana yoyo."

"Ba kayanka ba ne yanzu, an buga musu hatimi. In ka yanke guda ɗaya ba jami'i a wurin, da ni da kai duk sai kotu."

"To ka kira jami'in."

"Na kira. Ta ina zai hawo? Ka ga hanya ai."

"Sai mu zuba ido su ruɓe ke nan?"

"Nawa ma suna ciki, Layashi. Na sayar da shanuna biyu na yi noman nan."

Layashi ya dube shi sosai. Ya zo da niyyar zagi, amma abin da ya gani a fuskar mutumin tsoro ne, irin wanda shi kansa ya daɗe yana kwana da shi. Ya juya ya tafi.

Sai bayan wata huɗu motar ta iso. Ba su ɗauki kaya ba, sai suka ɗebi kaɗan daga kowane buhu suka tafi da shi gwaji. Sakamako ya dawo a takarda guda: funfuna ta kama kayan, ba su dace da magani ba. Kuma abin da aka ƙi karɓa ba ya komawa hannun manomi, sai dai a lalata shi a gaban kwamiti. Ranar da kwamitin ya zo, Layashi ya matsa kusa da babban jami'in, ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, na tsakiyar buhun lafiya lau yake. Ku bar mini shi in tankaɗe, ko rabi zan tsira da shi."

"Ka tankaɗe ka sayar wa wa, Baba?"

Layashi ya juya ya dubi buhunan.

"Ka gani. Ni ma ba daɗi nake ji ba, amma ba ni da ikon haka."

Su manoman da kansu suka yi ta ɗauko buhunan a kafaɗa zuwa filin bayan makaranta. Aka zuba man gas, aka kunna. Ganyen da danshi, don haka bai ci da wuri ba, sai hayaƙi mai kauri da ya kwanta a kan ƙauyen tun hantsi har la'asar. Wani ya ce yau ko kajin Busakkur sai sun yi layi. Da wutar ta mutu aka miƙo takardar shaida, Layashi ya dangwala yatsa a tawada ya danna.

Mannana ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya. Da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta sayar da awakinta uku, ta sayo garin alkama a kasuwa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta. Da garin ya ƙare hanya kuma ta toshe da ƙanƙara, ta sauko da tulun da take ajiye irin sha'ir, wanda ta gada tare da filin, ta niƙa. Layashi yana zaune yana jin ƙarar dutsen niƙa, ya tashi ya fita waje ya tsaya cikin sanyi. A sanyin nan gidaje ƙalilan ne aka ji duka a cikinsu, na masu rijiya da ba su shiga ƙungiya ba. Sauran ƙauyen tsit.

Layashi ya daure ya kira Buzid.

"In na koma noman da fa?"

"Ka koma ina, Si Layashi? Masu irin Turai sun cika kasuwa, ko kyauta ka ba ni baladiyya sai na yi tunanin kuɗin mota. Kuma sunanka da awon gonarka suna cikin na'urarsu. Da can mutum ɗaya ne ya kai ƙararka. Yanzu kai ka kai kanka."

Kafin ƙanƙara ta narke gidaje bakwai suka rufe, masu su suka nufi Tanja da Titwan neman aikin gini da wanke-wanke. Mufaddal na cikinsu. Ya bar mabuɗin ɗakin ajiya da hatimin ƙungiya a hannun mai shayi, ya tafi ba sallama. Layashi ya mayar wa Mannana filinta kamar yadda ya yi alkawari, ta shuka sha'ir na kasuwa, irin ƙasar kwari, ya fito rawaya-rawaya, bai san sanyin dutse ba.

Aiki ɗaya ne ya rage wa mai irin hannunsa. Can ƙasa wajen Tawnat akwai manyan gonaki masu lasisi, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da tarakta da bututun ruwa da rumbunan shanya masu fanka, kuma motar kamfani a bakin gonar take tsayawa. Masu su da yawa zaitun da alkama suke nomawa kafin doka ta zo. Suna neman leburori. Layashi, yana da shekara sittin, ya ɗaure bargo da jallabiya ɗaya a buhu.

Ana gobe zai tafi, limamin ƙauyen, Si Tayyib, ya zo har gida. Tsoho ne mai sanyin magana. Ya zauna ya daɗe yana juya kofi a hannu.

"Si Layashi, na ƙirga. In ka tafi, maza goma sha ɗaya suka rage, banda ni. Ka san Juma'a ba ta tsayuwa sai da goma sha biyu."

"Malam, in na zauna me zan ci?"

"Ban ce ka zauna ba. Na dai faɗa maka ne, don kada ka ji daga baya ka ce ban faɗa ba."

"Zan riƙa dawowa duk Juma'a, in Allah ya yarda."

A gonar aka ba shi safar hannu ta roba da hular leda. Shugaban leburori, wanda bai fi shekara uku da fara ganin kif a tsaye ba, ya nuna masa yadda ake riƙe reshe kada fure ya zube. Layashi ya ce to. Suna kwana su goma sha takwas a rumfar kwano, sauran na kiransa Alhajin Dutse. Ranar Alhamis in an tashi sai ya hau mota biyu, ya ƙarasa sauran a ƙafa, ya yi Juma'a a sahun gaba, Asabar ya juyo. Sau uku ya yi haka. A na ukun shugaban leburori ya tare shi a bakin gona.

"Baba, nan ba masallaci muke ginawa ba. Wanda ya sake ɓata kwana biyu, akwai mutum goma a bakin titi suna jiran gurbinsa."

Juma'a ta huɗu Layashi yana tsakanin kunyoyin gona da almakashi a hannu lokacin da rana ta karkata. Da aka ba su hutun cin abinci ya koma gefe ya kira gida. Mannana ta ba shi labari ba tare da ya tambaya ba. Ta ce an jira shi a masallaci har inuwar ɓaure ta kai bakin shago. Liman ya fito ƙofa ya duba hanya sau biyu, ya koma ya ƙirga mutane, sannan ya ajiye sandar huɗuba ya ja su azahar raka'a huɗu. Bayan sallama ya sanar cewa da ƙaramar salla zai koma garinsu.

Layashi ya ce, "Sha'ir fa?"

"Bai kai gwiwa ba ya fara fitar da kai. Ba zai yi ba. Zuhur ta sake kira. Ta ce akwai katifa a ɗakin yara, in zo in zauna kafin ka ga yadda za ta yiwu."

"Ki je."

"Alfadarinmu fa, wa zai ba shi ruwa?"

"A kai shi kasuwar Talata."

"Gidan kuma?"

"Ki kulle. Ki bar mabuɗi wurin mai shayi, in yana nan."

Ta ce to. Ba wanda ya kashe wayar, suna jin numfashin juna, har shugaban leburori ya busa usur. Layashi ya sa wayar a aljihu, ya ja safar hannunsa, ya koma layin da ya bari.